Duba jirgin ruwa kyauta a Amurka: abin da 'yan sa kai ke dubawa, da abin da ba ruwansu da shi

Duk wanda ya mallaki ƙaramin jirgin ruwa a Amurka, na yawon shaƙatawa ne ko na kamun kifin ƙarshen mako, ba zai jima ba zai ji ana maganar Vessel Safety Check, wanda masu jirage ke kira VSC a taƙaice. Ɗan sa kai ne zai zo har inda jirginka yake, a kan ruwa ko a kan tirela a ƙofar gida, ya bi kayan da doka ta wajabta ɗaya bayan ɗaya. In sun cika ya manna maka sitikar shekarar, in ba su cika ba ya ba ka takarda ya nuna maka abin da ya rage. Ba ka biyan ko sisi. Ra'ayina a kai ba shi da tsawo: a yi shi, a kuma yi shi duk shekara. Sai dai sitikar da mutane ke rububi a kanta ita ce mafi ƙarancin amfani cikin duk abin da za ka samu, kuma akwai nauyin da na ga mutane suna ɗora wa wannan duba wanda shi bai taɓa cewa zai ɗauka ba.

Jirgina ƙafa 22 ne, ƙirar 2006, na hannu na saye shi. Injinsa na fetur ne, a rufe yake cikin jirgin ta baya, ba irin wanda ake ratayawa a waje ba. A Maryland nake, rajistar ta jihar ce, yawancin fitarmu kuma a mashigin Chesapeake ne, daga gangaren saukar da jirage na Sandy Point kusa da Annapolis, ni da uwargida da yara, wani lokaci da abokan kamun kifi. Na kawo wannan ne don ƙa'idar ba ɗaya ba ce ga kowa. Ta danganta da tsawon jirgi, da irin inji, da ruwan da kake shiga, da jihar da kake zaune.

Ƙungiyoyi biyu ne ke yin aikin. Akwai Coast Guard Auxiliary, reshen 'yan sa kai na rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka, wanda Majalisar Dokoki ta kafa a 1939. Akwai kuma United States Power Squadrons, ƙungiyar masu jirage da ta samo asali tun 1914, wadda yanzu take amsa sunan America's Boating Club. Auxiliary ce ta fara duba jirage kyauta tun 1947 da wani suna dabam, a 2000 aka sake wa shirin fasali da suna, Power Squadrons ta shigo ciki. Ko wanne daga cikinsu ya zo maka, fom ɗaya ne a hannunsa, mai lamba 7012, sitikar ma iri ɗaya ce.

Abin da ya sa hidimar take aiki, a ganina, shi ne ikon da mai dubawar ba shi da shi. Ba ya kama kowa. Ba ya rubuta tara, ba ya tsare jirgi, gazawar da ya gani kuma ba ya kai rahotonta ga 'yan sandan ruwa ko ga rundunar. In bai ba ka sitika ba, magana ta tsaya tsakaninku biyu, takardar tana hannunka. Ba ya ma taka jirginka sai da izininka, kuma sai kana wurin. Mu da muka taso da sanin cewa kaki da takarda a hannu ba su cika zuwa da alheri ba, sai mun ɗan yi da gaske kafin mu saki jiki, ga shi kuwa 'yan Auxiliary da kaki suke zuwa, mai kama da na rundunar. To kamar a nan ta tsaya. Da zarar mutum ya gane haka, da hannunsa zai buɗe kowace ma'ajiya, har wadda yake jin kunyarta, ya yi tambayar da ba zai taɓa yi wa jami'in da ya tare shi a tsakiyar ruwa ba. Jami'i in ya tare ka, fatanka ya gama ya wuce. Wannan kuwa kai ne za ka riƙe shi da tambaya.

Samun su ba wuya. A shafin intanet na Auxiliary akwai inda za ka sa lambar yankinka da bayanin jirginka, saƙon ya je wa masu duba da ke kusa, ɗayansu ya kira ka ku tsayar da rana. Sukan kuma kafa tebur a gangaren saukar da jirage da matsayar jirage, musamman a watan Mayu, a makon wayar da kai kan haɗarin ruwa da ake yi gab da hutun Memorial Day na ƙarshen watan. Ni dai na fi son a zo gida. A gangare akwai layin motoci a bayanka, yara sun ƙosa, rabin hankalinka ya riga ka shiga ruwa. A gida in ƙwan fitila ya mutu sai ka shiga gareji ka ɗauko wani ka sa, yana tsaye yana jiranka. Wanda ya saba zuwa mini dattijo ne da ya yi ritaya, ba ya garaje, kyaftin yake kirana duk ƙanƙantar jirgin. Ana cewa aikin minti 15 zuwa 30 ne. Namu yakan zarce, saboda hira.

Da takardu yake farawa: katin rajista na jiha wanda wa'adinsa bai ƙare ba, sai lambar gangar jirgi, haruffa da lambobi 12 da ke jikin bayan jirgin ta dama, wadda aka wajabta wa masu ƙera jirage tun Nuwamban 1972. Zai gwada ta da wadda ke takarda. Lambar rajista da ke goshin jirgi hagu da dama tana da nata tsarin. Tsayinta kada ya gaza inci 3, baƙaƙe tsayayyu marasa ado, launinsu ya saɓa da na jikin jirgi, sannan a bar tazara ko ɗan layi tsakanin haruffa da lambobi. A nan masu son ƙawa ke faɗuwa. Mutum ya sa lamba da rubutu mai lanƙwasa, ruwan toka a kan baƙi don ta dace da fenti, ta yi kyau a hoto, daga nesa kuwa ba mai iya karanta ta.

A kan rigunan ceto ya fi daɗewa, kuma yana da hujja. Alƙaluman rundunar na 2023 sun nuna mutum 564 ne suka mutu a haɗarin jiragen shaƙatawa a ƙasar. Inda aka san sanadin mutuwar, kashi 75 cikin 100 nutsewa suka yi, kuma kashi 87 cikin 100 na waɗanda suka nutse babu riga a jikinsu. Ƙa'idar a baki mai sauƙi ce: riga ɗaya ga kowane mutum, mai tambarin amincewar rundunar, mai lafiya, daidai jikin mai sawa, a inda hannu zai kai nan take. Shi kuwa kowace gaɓa da hannu yake gwada ta. Zai finciki ɗamara da ƙarfi, ya matsa soson ciki ya ji ko ya bushe ya fara marmashewa, ya ja zif, ya karanta tambarin, don in tambarin ya goge har ba ya karantuwa rigar ta fita daga lissafi. Wadda har yanzu take cikin ledarta ta kanti, ko wadda aka danne a ƙarƙashin kujera da igiyoyi da akwatin ƙanƙara, ba a ce hannu zai kai gare ta ba. Jirgin da ya kai ƙafa 16 sai ya ƙara da abin jefa wa wanda ya faɗa ruwa guda ɗaya, matashin soso ko zoben ceto, shi kam ba ma a ma'ajiya zai zauna ba, a fili za a bar shi inda za a wawure shi a wurga.

Maganar yara ita ta fi taɓa mu. Rigar babba ba ta zama ta yaro, kowace riga da nauyin da aka rubuta mata. Ya nuna wa uwargida wani gwaji da har yau take yi kafin mu fita: a sa wa yaro riga, a ɗaure ta tam, a kama kafaɗunta a ɗaga sama. In ta haura ta rufe haɓa da kunnuwa ta yi masa yawa, a ruwa zamewa zai yi ta ƙasa. Yaro kuma girma yake yi, rigar bara ba lallai ta yi bana ba. Dokar tarayya ta ce yaron da bai kai shekara 13 ba sai da riga a jikinsa muddin jirgi na tafiya, sai in yana cikin rufaffen ɗaki, amma inda jiha ke da tata dokar ita ake bi. Ta Maryland ma shekara 13 ce, a jirgin da bai kai ƙafa 21 ba. Nawa ya ɗara da ƙafa ɗaya. Dattijon bai ɓoye mini hakan ba, ya faɗi dokar yadda take, sannan ya ƙara da cewa ƙafa ɗayan nan ba ta koya wa yaro iyo. Irin wannan nake so daga mai duba: ya raba mini abin da doka ta ce da abin da hankali ya ce, kada ya cakuɗa su don ya tsorata ni.

Akwai kuma riguna masu hura kansu da 'yar kwalbar gas, waɗanda suka fi daɗin sawa a zafin Yuli, don haka ma aka fi sa su. Ba a amince wa wanda bai kai shekara 16 ba ya dogara da su. Zai buɗe ya ga kwalbar ba a huda ta ba, alamar kuma kore take nunawa. Wasunsu sai suna jiki ake lissafa su, tambarin ne zai faɗa.

Alamun neman agaji wajibi ne ga jirgin ƙafa 16 zuwa sama a ruwan gaɓar teku, da Manyan Tafkuna, da ruwan da ke haɗe da su har zuwa inda faɗinsa ya gaza mil 2. Chesapeake na ciki. In wutar da ake kunnawa ko harbawa ka zaɓa, uku na rana da uku na dare ake buƙata, ko uku masu yin aikin biyu. Wa'adinsu wata 42 ne daga ranar da aka ƙera su, ba daga ranar da ka saya ba, saboda haka ka juya kwalin a kanti ka karanta kafin ka biya, kada ka sayi wanda ya cinye shekara guda a kan kanta. Waɗanda suka tsufa za ka iya ajiye su a matsayin ƙari, amma ba sa shiga lissafi, rabuwa da su kuma aiki ne: ba a jefa su a shara, ba a kuma harba su don gwaji, domin kiran agajin ƙarya laifi ne. Wannan ya sa na koma fitilar lantarki mai walƙiya SOS da kanta don dare, da tuta ruwan lemo mai baƙin murabba'i da baƙin da'ira don rana. Doka ta yarda da su in suna da shaidar cika ƙa'idar rundunar. Ban ce sun fi ta kowane fanni ba, wutar da aka harba sama ana hango ta daga inda ba za a hangi fitila a hannu ba. Amma riƙe wuta mai ɗigar narkakken abu a jirgin fetur, da yara a gefe, igiyar ruwa na wujijjiga ka, ba abin da nake marmari ba ne.

Tukunyar kashe gobara ita ce ta fi kayar da mutane tun da ƙa'ida ta canza a ranar 20 ga Afrilu 2022. Tukunyar da ba a sake cika ta yanzu wa'adinta shekara 12 ne daga shekarar da aka ƙera ta, ko da allurar gejinta tana kan kore, ko da ba a taɓa cire mata fil ba. Shekarar tana buge a gindin tukunyar, shi ya sa za ka ga mai duba ya kifa ta kafin ma ya kalli geji. Jiragen ƙirar 2018 zuwa yau sai masu alamar 5-B, 10-B ko 20-B. Tsofaffi irin nawa suna iya ci gaba da masu alamar B-I da B-II in suna da lafiya kuma ba su tsufa ba. Jirgin da bai kai ƙafa 26 ba guda ɗaya ta ishe shi a doka, daga 26 zuwa ƙasa da 40 biyu ko babba ɗaya, daga 40 zuwa 65 uku ko babba da ƙarama. Ni biyu nake ɗauka, ɗaya kusa da sitiyari, ɗaya a gaba nesa da inji. Ƙaramar tukunya 'yan daƙiƙoƙi take yi ta ƙare, in kuma guda ɗayan taka tana daidai inda wutar ta tashi, sunan kana da ita ne kawai.

Masu injin ratayawa a nan suke hutawa, mu masu injin ciki a nan aikinmu yake. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota yana zuba ƙasa iska ta kwashe, a jirgi kuwa babu inda zai je sai gindin jirgin, ya kwanta yana jiran tartsatsi. Don haka jirgin da aka ƙera bayan 1 ga Agusta 1980 mai injin fetur a rufe sai da fankar da ke zuƙo tururin waje, kuma gargaɗin da ke kusa da makunni yana cewa a bar ta ta yi minti 4 kafin a tayar da inji. Dattijon ba ya taɓa makunni da hannunsa, ni yake sa wa in kunna, shi kuma ya kai tafin hannunsa bakin mafitar ya ji ko iska na fitowa. Ƙarar fanka ba shaida ba ce, tiyon na iya yagewa ko ya zame tana ta juyawa a banza. Daga nan ya leƙa ragar ƙarfen da ke kan kafireto, wadda ke tare harshen wuta in inji ya yi tari, ya ga tana ɗaure kuma ba ta toshe da maiƙo ba. Sai igiyar kashe inji, wadda in ta fizge daga mazauninta injin ke mutuwa. Tun 1 ga Afrilu 2021 dokar tarayya ta ce mai tuƙa jirgin da bai kai ƙafa 26 ba, in jirgin yana da wannan na'ura, sai ya maƙala igiyar a jikinsa duk lokacin da yake gudu. Dalilin ba shi da daɗin ji: direba ya faɗa ruwa, sitiyari ya karkace, jirgi ya dinga zagaye yana dawowa kansa da farfela.

Fitilu da hon ba sa cin lokaci. Ja a hagu, kore a dama, fara mai haska ko'ina wadda za a iya kunna ta ita kaɗai in an jefa anga. Cewa ba ka fita da dare ba ya fid da kai, inji na iya mutuwa da la'asar magariba ta same ka a can. Hon ko usur ya iya yin ƙara ta daƙiƙa 4 da za a ji daga rabin mil. Allon gargaɗin zubar da mai da na zubar da shara na jiragen ƙafa 26 ne zuwa sama, littafin dokokin tuƙi na masu mita 12 ne, wato ƙafa 39.4, duba bawul ɗin masai kuma sai jirgin da aka girka masa masai. Duk waɗannan layi kawai yake ja musu a fom ɗina.

Gaɓar da ta fi dogara da idon mai duba ita ce ta yanayin jirgi gaba ɗaya. Gindin jirgi ya kasance ba mai ba tarkace, batir a ɗaure da murfi a kan kawunansa, wayoyi da fis ɗinsu, tiyon fetur ba tsagewa, ƙarfin inji bai wuce abin da allon masana'anta ya rubuta ba. A ƙarƙashinta ne kuma aka hana sa kayan mota a injin jirgi, kuma wannan ina so 'yan uwa masu son sauƙi su ji da kyau. Injin jirgi irin nawa asalinsa injin mota ne, sitata da altaneta na mota suna shiga daidai, kuɗinsu kuma bai kai na jirgi ba. Bambancin a ciki yake: na jirgi an rufe shi yadda tartsatsinsa ba zai fito ba, na mota a buɗe yake. A ɗakin da tururin fetur ke kwanciya, wannan arahar ba ta ado.

Bayan an gama da wajibai sai a shiga ɓangaren shawara, wanda ba ya hana sitika. A nan ake maganar rediyon sadarwa na jirage, wato VHF, da tasharsa ta 16 ta neman agaji, da anga da igiyarta, da famfon kwashe ruwa, da akwatin taimakon farko, da sanar da wani inda za ka da lokacin dawowarka. A nan na fara jin cewa hayaƙin inji yana taruwa a ƙarƙashin dakalin da yara ke zama a bayan jirgi, iskar da ba ta da wari kuma tana sumar da mutum. A nan kuma na san cewa haɗarin da ɓarnarsa ta kai dala 2,000 sai an kai rahotonsa cikin kwana 10, in akwai ɓacewar mutum ko raunin da ya wuce taimakon farko kuwa cikin awa 48. Wannan hirar ita ce ainihin ribar hidimar. Kuma a nan ƙorafina na farko yake: jirgi yana iya samun sitika ba shi da anga, ba shi da rediyo, in dai jiharsa ba ta wajabta su ba. Na san dalili, sitikar tana bin doka ne sau da ƙafa, dokar tarayya kuwa ba ta wajabta su ga ƙananan jirage ba. Amma wanda injinsa ya mutu kusa da hanyar manyan jiragen dakon kaya masu zuwa Baltimore, anga da rediyo zai fara nema kafin ya tuna tsayin lambar goshinsa.

Na biyu ba laifin hidimar ba ne, na masu fahimtarta ne. Wannan ba binciken lafiyar jirgi ba ne. Mai duba ba ya kwance komai, ba ya ƙwanƙwasa ganga ya ji ko katakon ciki ya ruɓe, ba ya auna ƙarfin inji, ba ya fita da kai kan ruwa. Na ga tallan jirgin hannu da aka rubuta cewa yana da sitikar bana, kamar wata shaidar inganci. Ba ita ba ce. Jirgin da bayansa ya sha ruwa ya laushi yana iya samun sitika in rigunansa da tukunyarsa sun cika. Mai son sayen jirgi ya ɗauko ƙwararren mai bincike ya biya shi, aikinsu dabam ne. Haka kuma ba a gwada direba. Ba wanda zai tambaye ka wa ke da hanya in jirage biyu suka haɗu, iyaka ya nemi ganin takardar kwas inda jiha ta wajabta, kamar Maryland da ta ɗora ta a kan duk wanda aka haifa daga 1 ga Yuli 1972.

Ita kanta sitikar, a hagun jirgi ake manna ta, launinta na canzawa duk shekara. Abin da take cewa ɗaya ne: a ranar da aka duba, kayan sun cika. Ba ta hana rundunar ko 'yan sandan ruwa na jiha tare ka su hau su duba, kuma in ka bar riguna a gareji washegari, ba za ta yi maka magana ba. Wasu kamfanonin inshora suna ɗan rage kuɗi saboda ita, ka tambayi naka.

Akwai kuma raunin da ba na jin yana da magani. Abin na ganin dama ne, masu ganin damar kuwa galibi su ne waɗanda dama suke kula. Mutumin da ya loda mutum tara a jirgin mutum shida, da akwatin giya, ba shi ne zai shiga intanet neman mai duba ba. Shi ya sa nake ganin teburin da suke kafawa a gangare, duk da ni ban fi son sa ba, ya fi zuwa gida isa ga waɗanda suka fi buƙata. Can ne ake tare wanda bai yi niyya ba, a ce masa kyauta ne, ba tara, ya ɗan yi jim ya ce to.

Don na san nauyin da zan ba maganarsu, na nemi sanin yadda ake zama mai duba, har na fara karanta littafinsu. A Auxiliary sai ka zama mamba tukun, wanda ke buƙatar ka kasance ɗan ƙasa, ka kai shekara 17, a kuma binciki tarihinka. Waɗanda katin izinin zama kawai gare su, ba su zama 'yan ƙasa ba, su lura da wannan. Sai kwas ɗin tuƙin jirgi, sai jarrabawar masu duba wadda ake yi da littafi a buɗe amma sai ka ci kashi 90 cikin 100, sai ka duba jirage 5 a gaban wanda ya riga ya ƙware. Bayan haka, aƙalla 5 duk shekara, in ba haka ba cancantarka ta tsaya. Ba ka duba naka jirgin. Ba albashi, kakin ma da kuɗinka za ka saya, ga kuɗin ƙungiya.

Jirage 5 ba su da yawa, kowa ya sani. Ma'anarsa ita ce wanda zai zo maka yana iya zama tsohon hannu da ya shekara talatin a ruwa, yana iya kuma zama wanda bara ya fara. A kan kwanan wata da tambari da tsayin lamba ba za su saɓa ba, littafi ya yanke. A kan yanayin jirgi da hirar shawara kuwa tazarar tana da faɗi. Duk da haka ba na goyon bayan a tsaurara har 'yan sa kai su gudu, domin yawancin aikin haƙuri yake buƙata da karanta ƙananan rubutu, da kuma iya gaya wa mutum cewa jirginsa bai ci ba ba tare da ya ji an ci masa fuska ba. In ka dace da mai ido, riƙe lambarsa, ka kira shi kai tsaye baɗi.

Masu kwalekwalen filafili ma ba a bar su ba, suna da nasu fom, 7012A, kuma akan ba su wata sitika ruwan lemo ta rubuta suna da lambar waya a manna a ciki, don in an tsinci kwalekwale yana yawo ba kowa a san ko iska ce ta kwashe shi daga bakin ruwa ko mutum ake nema.

Wanda bai ci ba, ya gyara ya sake kira, ba iyaka ba kuɗi. Kafin ya iso ka fito da komai ka shimfiɗa a fili, ka sa batir a caji don fitilu da fanka su tashi, katin rajista a hannu. Ka kuma nemi rana a Maris ko Afrilu. Daga tsakiyar Mayu layi ya yi tsawo, masu aikin kuma mutane ne masu nasu uzurin, sannan sitikar ranar 31 ga Disamba take mutuwa ko a wane wata aka manna ta.